Suna uku, ranar haihuwa biyu: yadda muka haɗa tarihin wata kaka Basiniya a San Francisco

Ranar da tsohuwar ta rasu, gidan shirya gawa ya miƙa wa iyalinta fom mai layuka kaɗan: cikakken suna, ranar haihuwa, garin haihuwa, sunan uba da na uwa. Ga yawancin mutane aikin minti biyar ne. Ga matar da ta baro ƙauye a gundumar Toisan ta kudancin ƙasar Sin ta shiga Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, kusan kowane layi amsa biyu gare shi, wadda ke cikin takardun hukuma da wadda ita ta sani a ranta. 'Yarta da jikarta suka zauna da mu don a fitar da tarihin da za a karanta wajen jana'iza, a kuma ajiye wa na baya cikakkensa. Na jana'izar mako guda da 'yan kwanaki muke da su. Cikakken ya ci fiye da shekara. Jikar Popo take kiranta, wato kaka ta wajen uwa a bakin mutanen Kanton, kuma da shi za mu kira ta a nan.

Abu na farko shi ne a cike fom ɗin hukuma da abin da ke kan katin Social Security ɗinta, wato lambar da gwamnatin Amurka ke ba mutum don aiki da fansho, da takardar zama 'yar ƙasa, harafi da harafi, ko da kowa a gidan ya san ba haka abin yake ba. Daga wannan fom takardar shaidar mutuwa ke fitowa, kuma da ita za a rufe asusun banki, a karɓi kuɗin inshora, a juya sunan gida. In aka sa ranar haihuwa ta gaskiya ta saɓa wa ta hukuma, sai an koma neman gyara da takardar rantsuwa, makonni su tafi a banza. A karɓi kwafi mai hatimi kamar goma, domin wurare da dama ba sa karɓar hoto, wasu kuma in an ba su ba sa maidowa. A ware ɗaya don neman fayil ɗinta daga baya.

Doka ce ta haifi amsa biyun nan. A 1875 Amurka ta yi dokar Page, wadda a aikace ta toshe wa matan Sin hanya. A 1882 aka hana leburorin Sin shiga ƙasar, aka bar ƙaramar ƙofa ga 'yan kasuwa, malamai, ɗalibai da jami'an gwamnati. Ɗan wanda yake ɗan ƙasa shi ma yana da haƙƙin shiga. Da girgizar ƙasa da gobarar Afrilun 1906 suka cinye rajistar haihuwa ta San Francisco, maza da yawa suka ce a birnin aka haife su, babu kuma takardar da za ta ƙaryata su. Irin wannan mutum duk zuwan da ya yi gida, in ya dawo sai ya shaida wa jami'an shige da fice cewa matarsa ta haifi ɗa namiji. Bayan shekaru a sayar wa wani yaro gurbin, ya haddace sunan dangin da ba nasa ba da ƙauyen da bai taɓa kwana ba, ya shigo a matsayin ɗa. Shi ake kira ɗan takarda. Mijin Popo ɗan takarda ne. Ya koma gida ya aure ta kafin yaƙi ya rufe hanya, ya dawo Amurka, ya yi aikin soja. An soke dokar 1882 a Disambar 1943, amma gurbin da aka ba Sinawa mutum 105 ne kacal a shekara. Abin da ya buɗe wa mata irin Popo ƙofa shi ne dokar matan sojoji ta Disambar 1945, da ta Agustan 1946 wadda ta fitar da matan 'yan ƙasa daga wancan gurbi. Sai dai duk wadda ta biyo ɗan takarda ta gaji ƙaryarsa. Dole ta amsa sunan da ya saya, ta kira surukan da ba ta taɓa gani ba, ta daidaita shekarunta da nasa na takarda.

Saboda haka ba daga ofis muka fara ba, daga maƙabarta muka fara. San Francisco ta hana binne gawa a cikin birni tun farkon ƙarni na 20, maƙabartun Sinawa suna kudu da ita, a Colma da Daly City, wasunsu na ƙungiyoyin gundumomin da mutane suka fito. A kan dutsen kabarin mijin, rubutun Turanci sunan takarda ne, rubutun Sinanci kuwa sunan gaskiya. Mutanen wancan zamani sun yarda su yi wa jami'i ƙarya, amma ba su yarda a sassaƙa ta inda kakanni za su karanta ba, sun kuma san jami'in ba ya karanta Sinanci. Ana karanta dutsen daga sama zuwa ƙasa, daga dama zuwa hagu. Galibi layin tsakiya suna ne, na gefe kuma gunduma, yanki da ƙauye, sai ranakun haihuwa da rasuwa. Da yake kabarin na mutum biyu ne, an riga an sassaƙa sunan Popo kusa da nasa, an shafa masa jan fenti, alamar mai sunan tana raye. A nan muka ga sunan dangin ubanta da sunanta na yanka, wanda jikarta ba ta taɓa ji ba.

A ɗauki hoton dutse da sassafe ko da yamma, lokacin da haske ke zuwa a karkace yana cika ramin haruffa da inuwa. Da tsakar rana rubutun ɓacewa yake yi a hoto. A tsaya daidai gabansa, a ɗauki gaba ɗaya, sannan kowane layi daban. In ya dushe a fesa masa ruwa kawai. Alli da goga mai ƙarfi suna cin dutsen. Sannan a kai hoton wa mai karanta tsohon rubutu, domin sauƙaƙan haruffan da aka fara amfani da su a babban yankin Sin daga 1956 sun bambanta da na kan waɗannan duwatsu, kuma manhajar waya tana yawan kuskure a kan sassaƙa.

Da harafin sunan a hannu sai a juya ga yadda Bature ya ji shi. A nan mutane da yawa ke ɓata watanni. Magatakardan tashar jirgi abin da kunnensa ya ji ya rubuta, kuma bakin Toisan ya ji, ba Sinancin Beijing ba. Harafin da yau ake rubutawa Chen, a tsofaffin takardu Chin ne ko Chan. Yu shi ne Yee, Wu shi ne Ng ko Eng, Tan shi ne Hom ko Tom, Lei shi ne Louie. Wong kuma yana iya zama ɗaya daga haruffa biyu na dangi biyu da ba su haɗa komai ba. Sinawa sunan dangi suke farawa da shi, don haka sau da yawa magatakarda ya mai da sunan yanka ya zama na dangi. Abin da ya fi ruɗa jikoki shi ne kalmar Shee. Matar da aka rubuta Wong Shee ba Shee ne sunanta ba, ma'anarsa matar aure da aka haifa a gidan Wong. Mata dubbai ne suka shiga da wannan laƙabi, sunayensu na yanka ba su shiga takarda ba ko sau ɗaya. Popo ta rayu da suna uku: na yanka da ke kan dutse, na Shee da ke jerin fasinjojin jirgi, da na Turanci da ta ɗauka ranar da ta zama 'yar ƙasa. Muka rubuta duk yadda za a iya rubuta kowanne, a jere da kuma a juye, muka nema da dukansu.

Ranar haihuwa tana da nata tarkon. A fayilolin shige da fice za a ga irin wannan: CR 15-8-15. CR shekarun Jamhuriyar Sin ne, waɗanda suka fara daga 1912, don haka a ƙara 1911, shekara ta 15 ta zama 1926. In KS aka gani, zamanin sarki Kuang Hsu ne, a ƙara 1874. Amma wata da ranar na kalandar wata ne, ba Agusta 15 ba. Sha biyar ga watan takwas na waccan shekara cikin Satumba ya faɗo. Mai karatu da ya saba da kalandar Hijira zai gane rabin lissafin, sai dai ta Sinawa tana ƙara wata guda sau bakwai cikin kowace shekara 19 don kada ta rabu da damina da rani, shi ya sa sabuwar shekararsu ba ta fita tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Kurakurai biyu ake yawan yi. Wanda aka haifa a watan sha biyu galibi ya riga ya shiga Janairun shekarar Turawa ta gaba, ƙara 1911 kawai zai ba da shekarar da ba ita ba. Sannan a shekarar da ke da ƙarin wata, wata ɗaya yana zuwa sau biyu, dole a san na farko ne ko na ƙari. Cibiyar nazarin yanayi ta Hong Kong tana da jadawalin juya ranaku daga 1901 zuwa 2100, da shi muka yi aiki.

Shekarar kuwa dabba ce ta warware mana ita. Tsohuwa tana iya manta lambar da aka rubuta mata, amma ba ta manta dabbar shekarar haihuwarta, domin da ita aka duba aurenta. Dabbobin goma sha biyu ne, suna zagayowa. Popo kullum tana cewa ita zakara ce. Zakara ya faɗo 1909, 1921 da 1933, kuma ta tsakiyar ce kaɗai ta dace da aurenta. Takardunta sun rage mata shekara biyu, saboda gurbin da mijin ya saya na yaro ne da bai kai shi ba, ba a kuma so amarya ta girmi ango a gaban jami'i. A kula da wani abu kuma: a lissafin gargajiya jariri da shekara ɗaya yake zuwa duniya, a ƙara masa ɗaya kowace sabuwar shekara, sannan a sanarwar rasuwar tsofaffi mutanen Kanton sukan ƙara uku. Wadda ta rasu da 97 a lissafin Turawa ana iya buga mata 101 a jaridar Sinanci. Kada a ɗebe wannan daga shekarar rasuwa a ce an samu ta haihuwa.

Iyalin sun daɗe suna cewa ta tsibirin Angel ta shigo, har jikar ta sa haka a rubutunta na farko. Ba zai yiwu ba. An buɗe tashar tantance baƙi ta wannan tsibiri da ke kusa da San Francisco a 1910, gobara ta ci ginin gudanarwa a Agustan 1940, aka rufe ta a Nuwamba. Mijin ne ya bi ta can. Matan da suka iso bayan yaƙi a benen hukumar shige da fice mai lamba 630 a titin Sansome ake tsare su, cikin birni, wasu kwanaki, wasu watanni. Wani abin takaici game da tsibirin: waƙoƙin da maza suka sassaƙa a bangon ɗakin kwanansu suna nan ana zuwa gani, mata kuwa a ginin da ya ƙone ake ajiye su, duk abin da suka rubuta ya tafi da wutar.

Fayil biyu muka nema. Na mijin yana ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa reshen San Bruno da ke kudu da San Francisco, cikin rukuni na 85, inda takardun zamanin dokar hana shiga suke. Wanda ya sauka a Seattle ko New York, a reshen da ke riƙe da takardun can za a nema. Ana aika wasiƙa ta imel da duk rubutun sunan, shekarar haihuwa ta takarda, sunan jirgi da ranar isowa. In an samu lambar fayil aiki ya yi sauƙi ƙwarai. A San Francisco lamba ce mai tsawo, sai sanda, sai wasu ƙananan lambobi, kuma ana yawan samunta a gefen jerin fasinjoji ko a kan ƙaramar takardar shaida mai hoto da aka fara bayarwa a 1909. Ana tsayar da rana kafin a je, a yi katin mai bincike, ba a shiga da biro sai fensir, ana ɗaukar hoto ba tare da walƙiya ba. A ɗauki kowane shafi har da bangon fayil da bayan hotuna, domin lambobin fayilolin 'yan'uwa a nan ake rubuta su da hannu. Wani lokaci a buɗe fayil a tarar da 'yar takarda ɗaya tana cewa an mai da abin da ke ciki wani fayil. Haka ke faruwa ga waɗanda suka shiga shirin ikirari na 1956 zuwa 1965, lokacin da hukuma ta nemi 'ya'yan takarda su tona kansu, fiye da mutum 13,000 suka yi, kowanne kuma ya jawo danginsa ciki. Mijin Popo bai yi ba, fayil ɗinsa yana nan yadda aka bar shi. Takardunsa na soja kuwa ba a samu ba, domin gobarar 1973 a ma'ajiyar St. Louis ta ci mafi yawan fayilolin sojojin ƙasa na wancan zamani. Takardar sallama da ke gida ita ce ta tsaya a madadinsu.

Na Popo A-File ne, irin fayil ɗin da aka fara buɗe wa baƙi daga Afrilun 1944. Lambarsa tana farawa da A, tana kan katin zama ko takardar zama 'yar ƙasa. Ana miƙa waɗannan fayiloli ga ma'ajiyar ƙasa bayan shekara 100 da haihuwar mai su, a Kansas City ko San Bruno. Kafin nan suna hannun USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka. In lambar ba ta kai miliyan 8 ba, ana bi ta sashen binciken asali da fom G-1041 don nemo lamba da G-1041A don karɓar kwafi. In ta haura, sai ta dokar 'yancin samun bayanai. In ba a cika shekara 100 da haihuwar mai fayil ba sai an haɗa da shaidar mutuwa. A nemi fayil gaba ɗaya, a faɗi haka ƙarara, in ba haka ba 'yan shafuka za a aiko. Ana jira watanni, kuma za a ga an rufe sunayen waɗanda ake zaton suna raye. Ba za a same shi kafin jana'iza ba, kada ma a sa rai.

Karanta fayil shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. A ciki akwai tambayoyi da amsoshi shafi bayan shafi, ta bakin tafinta. Layi nawa ne na gidaje a ƙauyenku? Gidanku na nawa ne a layin? Ina ƙofa ta fuskanta? Daɓen ƙasa ne ko bulo? A ina ake ajiye mazubin shinkafa? Wa ke gida na uku a layi na biyu, matarsa ɗaurarriyar ƙafa gare ta ko sakakkiya? Ana yi wa miji a ɗaki ɗaya, mata a wani, a gwada amsoshin. Jikoki sukan karanta wannan da hawaye suna cewa ga gidan kakarmu, alhali sau da yawa gidan wasu ne da aka haddace daga littafin koyarwa, aka jefa littafin a teku kafin jirgi ya tsaya. Mun raba takarda gida uku: abin da aka faɗa, inda aka faɗa, da ribar da za a ci in ƙarya ce. Hoto, sunan jirgi, ranar isowa, tsayi da tabon jiki gaskiya ne, jami'i ne ya gani da idonsa. Ƙauyen miji da sunayen iyayensa na takarda ne. Ƙauyen da aka haifi matar da sunayen iyayenta galibi gaskiya ne, don babu abin da canza su zai ƙara, kuma a fayil ɗin Popo sun dace da dutsen kabari.

Da wannan ma'auni muka auna abin da ya fi girgiza iyalin. An tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa a Sin, ta ce biyu: namiji yana ƙauye wajen dangi, mace ta rasu tana ƙarama. 'Yarta da ke zaune da mu ba ta taɓa jin ko ɗaya ba. Ɗa namiji mai rai da aka bari a gida, shi ne ainihin siffar gurbin da ake tanada don sayarwa ko don ɗan ɗan'uwa. 'Ya mace da ta mutu kuwa ba ta buɗe wa kowa ƙofa, babu mai ƙirƙirarta. Muka ce na farko gurbi ne, ta biyu gaskiya ce, amma ba mu rubuta ba sai da muka ji daga bakin mutum.

Kunne ya girmi kaka, amma sai an kai shi inda zai ji. Mutum ɗaya ta rage da ta san Popo tun a ƙauye, matar ƙanin mijinta, ta haura casa'in. A irin wannan zama tafinta shi ne komai. Mai Sinancin Beijing ba zai ji bakin Toisan ba, mai bakin Hong Kong ma rabi zai kama. Uku a Beijing san ne, a Hong Kong saam, a Toisan kuwa da wani sauti ake fara shi mai fita ta gefen harshe, kamar hlam. A nemo ɗan yankin. A je da safe, kada zama ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya, gara a koma sau uku. A sa waya a yanayin jirgin sama, a ajiye ta kan tawul kusa da mai magana, a kashe talabijin da fanka, a fara da faɗin rana da wuri. Kada a ce ba mu labarin yaƙi, amsar ita ce an sha wuya, shi ke nan. A tambayi me aka ci, wa ya ɗebo ruwa, kasuwa ran nawa take ci, kuɗi daga Dutsen Zinariya, kamar yadda suke kiran Amurka, ta hannun wa yake zuwa. Daga tambayar kuɗin maganar ta ɓalle. Toisan da kuɗin 'ya'yanta na waje take sayen shinkafa. Da Japan ta kama Hong Kong a Disambar 1941 hanyar kuɗin ta yanke, fari ya biyo baya, yunwar 1943 ta yi wa gundumar mummunar ɓarna. Matan da ake ganin sun fi kowa gata suka koma sayar da tufafi da kayan ɗaki, suna ɗaukar kaya a kafaɗa daga kasuwa zuwa kasuwa. Tsohuwar ta faɗi sunan yarinyar ba tare da an tambaye ta ba, ta ce a shekarar ta tafi. Ɗa namijin kuwa ta ce babu shi. In tsohuwa ta yi shiru a irin wannan wuri, a bar shirun, kada tafinta ya cike shi.

Sauran shekarun nata a gwangwanin biskit muka same su, da cikin aljihun tebur ɗin keken ɗinki. Ambulan ɗin tsofaffin wasiƙu ya fi wasiƙar amfani wajen gano wuri, domin adireshin ƙauyen yana kai cikakke: gunduma, garin kasuwa, yanki, ƙauye. Ana buƙatar duka huɗun, saboda ƙauyuka masu suna ɗaya suna da yawa, an kuma sake fasalin yankuna bayan 1949, ita kanta Toisan kafin 1914 Sunning ake ce mata. Hotuna a yi musu sikanin a ɗigo 600 cikin kowane inci, gaba da baya. Kada a manne takarda da roba mai zafi ko salatif, a sa ta a jakar takarda marar sinadari. Littafin zuri'ar miji, in ya tsira daga ƙone-ƙonen juyin al'adu na ƙasar Sin na 1966 zuwa 1976, sunan dangin matar kawai za a gani a ciki, 'ya'ya mata sau da yawa babu su sam. Aikinta kuwa, katin ƙungiyar ƙwadago ta maɗinka da takardun albashi suka nuna shagunan ɗinki na unguwar Sinawa da ta zauna, inda ake biya bisa adadin abin da aka ɗinka, ba bisa awa ba. Ana iya neman kwafin fom SS-5 da ta cike da kanta lokacin karɓar lambar Social Security, yana ɗauke da sunayen iyayenta yadda ta faɗa. Ƙidayar 1950, wadda aka buɗe wa jama'a a Afrilun 2022, tana nuna adireshi da waɗanda ke kwana a gida ɗaya.

Rubutun jana'iza iri biyu ne, kuma ba fassarar juna ba ne. Na Turanci labari ne, kalma 400 zuwa 600, abin da za a karanta cikin minti huɗu. Na Sinanci da ake bugawa a jarida kamar Sing Tao ko World Journal tsari gare shi tsayayye: sunan gidan miji da na gidan uba, ƙauyen asali, ranar rasuwa a kalanda biyu, shekaru, sannan jerin masu makoki, 'ya'ya maza, matansu, 'ya'ya mata, mazansu, jikokin ɗa, jikokin 'ya. Tsallake mutum ko kuskuren harafi ɗaya a sunansa yana haifar da gabar shekaru, don haka dattijai biyu suka duba jerin kafin a kai. Shawarar da muka bayar, muna kuma kan ta, ita ce a rubuta sunayen duka da ranakun duka, a faɗi wanne ne na takarda da dalilinsa cikin jimla biyu. Share na takarda share shekarun da ta yi tana amsa shi ne a asibiti, a shago, a makarantar 'ya'yanta. Ɓoye na gaskiya kuma ci gaba ne da tsoron da dokar da aka soke tun 1943 ta dasa. Amma a fara tambayar tsofaffin da ke raye, domin wasunsu da sunan takarda suke har yau, kuma tsoron bai sake su ba. Sunan duk wanda bai yarda ba a bar shi.

An duba kalandar gargajiya aka zaɓi ranar. 'Ya'ya suka shimfiɗa mata mayafai ɗaya bayan ɗaya bisa girma, kowa ya rusuna sau uku, aka kunna turaren tsinke. Masu ta'aziyya suka kawo kuɗi a farin ambulan, adadin mara ne ba cika ba, kamar dala 101, don kada abin ya zo biyu. Aka ba kowa alewa da sulalla, a sha alewar a wurin, a kashe kuɗin kafin a isa gida. 'Yan badujala suka shige gaba, babban hotonta a buɗaɗɗiyar mota, aka ratsa unguwar Sinawa, aka tsaya ƙofar gidan da ta zauna kafin a nufi maƙabarta. Da yake ta haura tamanin, jana'izar ta mai tsawon rai ce, aka yi walima bayanta. Gidaje sun bambanta a waɗannan abubuwa, na Kirista sukan bar wasu, don haka babbar tsohuwar gida ake tambaya, ba littafi ba.

Fayil ɗinta ya iso bayan an share makoki na kwana 49 da daɗewa, kuma a lokacin ne aka kammala cikakken tarihin: shafi guda na jerin shekaru, labarin, hotuna da sunan kowa a ƙasa, kwafin takardun, da muryar tsohuwar a ajiye wuri uku. Aka buga wa kowane gida kwafi. Sai aka ba mai sassaƙa ranakun, na wata a Sinanci da shekarar gaskiya, na Turawa yadda suke a takarda, aka duba zanen sau biyu kafin ya taɓa dutse. Ya kankare jan fentin sunanta ya shafa irin wanda ke kan na mijin. A bikin share kaburbura na Ching Ming, wanda ke zuwa 4 ko 5 ga Afrilu, iyalin suka cire ciyawa, suka wanke dutsen, suka jera dafaffiyar kaza da kanta, gasasshen naman alade, lemo, ƙananan kofuna uku na shayi da uku na giya, suka ƙona kuɗin takarda a cikin garwa. 'Yar ta roƙi a ƙara layi ɗaya a ƙasan dutsen, aka ƙara: sunan yayarta da shekarar 1943.